Wace na'urar naɗar sauti ce za ta iya da kalangu? Shawara ga mai shirin saye

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan sallah da niyyar naɗar sauti ya san cewa kiɗanmu ba ya zama wuri ɗaya. Yanzu algaita ce kaɗai ke tashi daga nesa, kafin ka ankara tambura sun shigo, kakaki ya biyo baya, sannan 'yan bindiga su saki wuta a bayan kunnenka. A gidan biki ma haka abin yake: mawaƙi zai sassauta murya yana yi wa ango kirari, sai masu kalangu su ɗauka gaba ɗaya, wata kuma ta rangaɗa guɗa a bakin makirufo. Saboda haka tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi wa kowace na'ura ita ce, me za ta yi a lokacin da sauti ya yi tsalle ba zato ba tsammani?

Kowace na'urar zamani tana da mita da ke hawa da sauka a fuskarta, kuma ƙololuwar mitar ita ce sifili. Idan sauti ya kai can, na'urar ba ta da inda za ta ajiye abin da ya wuce, sai ta datse kansa, abin da kunne ke ji kamar ana yaga takarda a cikin waƙar, kuma da wuya kwamfuta ta gyara shi daga baya. Idan kuma aka ji tsoro aka rage ƙarfin ɗauka ƙwarai, ranar da aka zo ƙara murya sai shuuu ɗin na'urar ya taso tare da waƙar. Abin da masu sana'ar suka saba yi shi ne su daidaita ɗauka yadda bugu mafi ƙarfi zai tsaya wajen -12 dB, wato ƙasa da sifili da 12 a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira dB, su kuma naɗa a tsarin fayil na WAV mai 24-bit, domin faɗinsa, wato tazarar da ke tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi da yake iya ɗauka, a lissafi ya kai 144 dB, alhali na 16-bit bai wuce 96 ba. Wannan daidaitawa a lokacin da makaɗa suke gwada ganguna ake yin ta, ba lokacin da sanƙira yake sanarwa ba.

Wayar hannu ba ta cikin lissafi, domin ita ke ƙara wa kanta ƙarfin ɗauka ta rage yadda ta ga dama, kuma kira ɗaya ya isa ya katse aikin dare guda. Cikin na'urorin naɗa na hannu, Zoom H1n mai araha ce, tana da kyau ga hira da dattawa, amma ba ta da ramin XLR, wato ramin kebul mai haƙori uku, da za a jona ta yadda ya kamata da miksa, na'urar da masu kayan sauti ke haɗa muryoyi a cikinta. Tascam DR-05X na kwasar sauti daga kowace kusurwa, wato har da hirar 'yan kallo da masu tallar ruwan leda. Tsohuwar Zoom H4n ta 2009 ta yi zamaninta, shuuu ɗinta ya yi yawa. Tascam DR-40X ba ta da laifi, amma da maɓallin dannawa ake ƙara ɗauka a cikinta, ni kuwa ba na son neman maɓalli a cikin duhu.

Wadda nake riƙe da ita, kuma wadda zan sake saye ko gobe, ita ce Zoom H5, wadda ta fito a 2014. Dalilina na farko shi ne kowace hanyar shigar sauti tana da abin murzawa nata, mai lamba a jiki, an kuma gitta ƙarfe a gaban na ƙasan domin kada hannun babbar riga ya goge su. Mutum na iya rage ɗauka da babban yatsa idonsa na kan makaɗa. Na biyu, makirufo biyun da ke kanta an ƙera su su jure ƙarar da ta kai 140 dB, alhali na H1n a 120 suke tsayawa, kuma wannan tazara ita ce ake ji a lokacin da kalangu huɗu suka haɗu a gabanka. Na uku, tana da ramuka biyu da ke karɓar kebul daga miksa, da saitin da ke rage ƙarfin abin da ke shigowa da 20 dB, wanda ba a raina amfaninsa, domin yawancin masu kayan sauti a wajen bukukuwanmu suna tura komai ne har fitila ta yi ja. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne kwafin ko-ta-kwana: tana iya naɗar abin da makirufonta suka ji sau biyu a lokaci guda, na biyun ƙasa da na farko da 12 dB, ta yadda idan guɗa ta fasa na farko, sai a ɗauko wurin daga na biyu.

Yadda nake aiki da ita shi ne in ɗauki muryar mawaƙi da ta 'yan amshi daga miksa, in bar makirufon kanta su ɗauki ganguna da shewar jama'a, daga baya in haɗa su. Sai dai a tabbata an kashe wutar 48V, wadda na'urar ke turawa ta kebul don wasu makirufo, kafin a jona da miksar wani, kada a jawo wa kai biyan abin da ba a shirya ba.

Za a ce mini ai yanzu an wuce nan, tunda akwai masu 32-bit irin su Zoom F3 ta 2022 da H1essential ta 2024, waɗanda ba sa buƙatar a daidaita musu ɗauka. Gaskiya ne, amma F3 ba ta zuwa da makirufo ko ɗaya, sai an sake buɗe aljihu, kuma babu 32-bit ɗin da zai gyara sautin da ya riga ya fashe tun daga miksa ko daga makirufon kansa.

Ƙarar da ta fi damunmu a nan ba daga cikin na'ura take fitowa ba. Janareta ne na farko, kuma maganinsa nisa: a fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da shi, ƙararsa na raguwa da kusan 6 dB, sannan ka kunna matatar da ke zubar da sautin da ke ƙasa da 80 Hz, wato sauti mai kauri irin na gurnani. Na biyu shi ne gurnanin nan na wutar lantarki mai 50 Hz, wanda kan shigo idan na'urarka da miksa suna shan wuta daga layi ɗaya; ka bar ta a kan batir, sau da yawa sai ka ji ya ɗauke. Na uku iskar hunturu, wadda soson makirufo da ke zuwa cikin kwali ba ya iya tare ta, dole sai an sayi hular nan mai gashi da ake sa wa makirufo.

Duk wannan bayani aikin banza ne idan katin memorin da ke ciki jabu ne, kuma a nan ne aka taɓa yi mini sakiyar da babu ruwa. Wata shekara na je Daura lokacin sallar Gani, na tsaya a wani shago a hanya na sayi kati mai 32GB, a cikin kwalinsa, da hatimi mai walƙiya, mai shagon har da rantsuwa. Na kwana ina naɗa, mita na tafiya daidai, na'ura ba ta yi ƙorafin komai ba. Da na dawo Katsina na sa katin a kwamfuta, sunayen fayilolin duk suna nan, girmansu ma daidai, amma daga na sa'a ta biyu zuwa ƙarshe babu wanda ya buɗu. Ashe cikin katin bai wuce 4GB ba, an dai sauya masa lissafi ne yake nuna 32, duk abin da ya haura sai ya bi iska. Hanya biyu a 24-bit da 48 kHz na cin kusan 1GB a sa'a, ni kuwa hanya huɗu nake ɗauka, ga kuma hanya biyu na kwafin ko-ta-kwana, wato kusan 3GB a sa'a.

Kada kwali ya ruɗe ka, kada sunan kamfani ya ruɗe ka, domin masu jabu manyan sunaye suke bugawa, kuma kwalinsu wani lokaci ya fi na gaskiya sheƙi. Idan farashi ya faɗi warwas, to da walakin. Idan mai shago ya ce ya gwada maka a waya ka ga ta nuna 32GB, wannan ba gwaji ba ne, ƙaryar katin ce wayar ta maimaita. Gwajin da na yarda da shi shi ne manhajar H2testw, wadda kyauta ce a Windows: tana cika katin fal da bayanai, sannan ta karanta su ɗaya bayan ɗaya ta faɗi ainihin abin da ya zauna. Kada kuma a sayar maka da mai 64GB da sunan ya fi, domin H5 ba ta karɓar abin da ya wuce 32. Batir ma haka: waɗanda ake zubawa a faranti a bakin titi kan mutu a tsakiyar waƙa, kuma idan wuta ta ɗauke kafin na'ura ta rufe fayil, fayil ɗin na iya lalacewa. Ni yanzu kati biyu nake tafiya da su, kowanne ya kwana a kwamfuta ana gwada shi, kuma ina canja batir duk lokacin da makaɗa suka tsaya ɗame ganguna, ko da alamar ta nuna da saura.