Medicare da Medicaid: wanne ne na Mama, wanne ne na Yaya?

'Yar'uwa, kin yi tambaya kan mahaifiyarki da za ta cika shekara 65 bana a nan Amurka, da yayanki mai shekara 52 da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya ba shi lafiya. Medicare da Medicaid tsare-tsaren inshorar lafiya ne na gwamnati. Sunayen biyu sun yi kama, kuma rana ɗaya Shugaba Lyndon Johnson ya sa musu hannu a 1965, amma kowanne da abin da yake dubawa.

Medicare na gwamnatin tarayya ne, shekaru da tarihin aiki yake dubawa. In Mama, ko mijinta, ta yi aikin shekara 10 ana cire haraji, ba za ta biya kuɗin wata ba a Part A, wato kwanciya asibiti. Part B na ganin likita kuwa ana biya: dala 185 a wata a 2025, sannan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin dubawa daga aljihunta. Don Allah kada ku yi sake da rajista. Wata bakwai ne kacal: uku kafin watan haihuwarta, watan kansa, uku bayansa. In ta makara alhali ba ta da inshorar wurin aiki, duk shekarar da ta wuce ƙarin kashi 10 ne a kan kuɗin wata na Part B, kuma ba ya sauka. Ki sani kuma, in ta je Kano jinya, Medicare ba ya binta can.

Yaya kuwa sai ya yi wata 24 yana karɓar kuɗin nakasa na gwamnati da ake kira SSDI kafin Medicare ya karɓe shi.

Medicaid aljihu yake dubawa, kuma kowace jiha da dokarta, har suna ma yakan canza: a Kalifoniya Medi-Cal ake ce masa. Mai green card, wato katin izinin zama na dindindin, yawanci sai ya shekara biyar da shi kafin ya samu Medicaid, ko da yake wasu jihohi kamar New York suna sassautawa.

Abin da ya fi damuna shi ne jinya mai tsawo. Wanda zai zo kullum ya yi wa Yaya wanka, ya juya shi a gado, ya ba shi koko a baki, Medicare ba ya ɗaukar nauyinsa. Gidan jinya ma iyakarsa kwana 100, bayan an kwanta asibiti. Medicaid ne ke ɗaukar wannan nauyin, kuma mutum na iya haɗa duka biyun. Shi ya sa nake ganin ki fara da takardun Medicaid na Yaya a makon nan, domin a wasu jihohin layin masu jiran mai kula a gida yana da tsawo.