Hattara da mai tallar Umara haɗe da jirgin ruwa a guruf-guruf ɗin Zariya

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah wanda ya karanta ya tura gaba. Akwai wani talla da yake yawo a WhatsApp musamman guruf ɗin matan adashe da na ma'aikata wajen Samaru da Kongo, wai Umara haɗe da yawon jirgin ruwa a Bahar Maliya, a tashi daga Jidda a tsaya Aƙaba ta ƙasar Jodan a yi ziyara a dawo. Bidiyo mai kyau, ga fitilu ga abinci ga ƙira'a a ƙasa, mutumin kuma baki kamar zuma, kowace mace Hajiyata ce a wurinsa. Matar yayana ta tura masa rabin kuɗi wai na kama ɗaki a jirgi, yau lambar a kashe, ofishin da ya kwatanta mata ta wajen PZ da aka je shagon gyaran waya aka tarar, yaron shagon ya ce ba ita ce ta farko da ta zo nema ba.

Jirgin fa ba ƙarya ba ne, akwai jiragen shaƙatawa da suke tashi daga Jidda, har Saudiyya ta fara nata mai suna Aroya a ƙarshen 2024, kuma da gaskiyar nan yake rufe ƙaryarsa. Amma ku duba takardar tsarin ziyarar da yake turawa. Wai a yini ɗaya da jirgi zai tsaya Aƙaba za a kai ku Petra, tsohon birnin nan da aka sassaƙa a jikin dutse, a wuce Mu'uta kabarin Sayyidina Ja'afar da Zaidu bin Harisa da Abdullahi bin Rawaha, a ƙarasa kogon Ashabul Kahfi, a dawo a yi sayayya a kasuwa. Haba malam! Aƙaba tana can ƙarshen kudu, ita kaɗai ce tashar ruwan Jodan, kogon kuma yana gefen Amman babban birnin ƙasar, sama da kilomita 300, wajen awa 4 zuwa kawai banda dawowa. Petra ɗin ma da ta fi kusa awa 2 ce a mota, kuma in kun isa sai kun taka fiye da kilomita 1 a ƙasa cikin tsagin dutse kafin ku ga ginin nan da ake ɗauka a hoto, tsohuwa mai ciwon gwiwa ina za ta kai. Shi kuwa irin wannan jirgin yawanci safe yake tsayawa yamma ya ɗaga, kuma ba ya jiran kowa sai wanda ya fita a motar ziyarar da jirgin da kansa ya shirya, in ɗan waje ne ya kwashe ku kuka makara to sai dai ku nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunku.

Sai maganar biza da yake cewa "kar ki damu Hajiya bizar Umara ta wadatar". Jirgi na barin Jidda ya nufi wata ƙasa kin fita Saudiyya kenan, dawowa shiga ce sabuwa, sai da bizar da ta yarda a shiga fiye da sau ɗaya, ga kuma sharaɗin Jodan a kan fasfo ɗinmu daban. Duk ejan na gaskiya da wannan zai fara miki kafin ya ambaci kuɗi.

Abin da ya fi ba ni haushi asusun da yake bayarwa na mutum ne ba na kamfani ba, sunan ma ba nasa ba, in an tambaya ya ce na akantansu ne. Kuma kullum saura ɗaki biyu, a biya kafin la'asar.

Kafin ku tura ko sisi ku nemi lasisinsa na NAHCON, su suke ba kamfanonin Hajji da Umara izini, ku duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku ce ya ba ku lambar shaidar kama ɗaki a jirgi ku tabbatar da ita a shafin kamfanin jirgin da kanku, hoton rasit kam ko yaro zai haɗa a waya. Wanda ya riga ya tura kuma kar kunya ta sa ya yi shiru, ya je bankinsa yau ɗin nan da shaidar tiransifa ya shigar da ƙorafi, ya ajiye duk hirarsu da saƙon murya kar ya goge. Mu gobe in sha Allah za mu Kaduna ofishin EFCC, duk wanda abin ya shafa ya yi min magana ta inbos mu haɗa takardu mu tafi tare.