Gida a Gombe: Fili a Bayan Gari, Tsohon Gida, Ko Rukunin Gidaje?

Tun da aka cire Gombe daga Jihar Bauchi a 1996, garin bai daina faɗi ba. Ma'aikata suka taru, jami'ar jiha ta zo a 2004, daga baya rikicin Boko Haram ya turo iyalai daga Borno da Yobe, da yawansu kuma sun zauna ke nan. Tumfure, wadda a takarda ƙasar Akko ce, yau ta haɗe da gari. Mai neman gidan kansa hanya uku ce a gabansa, kuma a ganina kuɗin da dillali ya ambata shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Ruwa, kwari da takarda su ne gaba.

Yawancin mutane fili suke fara nema, mai faɗin ƙafa hamsin da tsawon ɗari, a Tumfure ko hanyar Dukku ko wajen Liji. Daɗinsa a fili yake: ka zagaye, ka sa ƙofa, ka yi ciki da falo, sauran kuwa duk lokacin da Allah ya hore. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai tara bulo ɗari biyu yau, rodi gobe, wannan ce hanyarsa. Sai dai araha ba ta ado.

Fara da ruwa. Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, daga gabas, alhali garin yamma yake ta hawa tudu. A tudun nan ruwan ƙasa yana da nisa ƙwarai, haƙa bohol ba aikin mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Ma'ana tanka za ka saya ka yi gini, tanka za ka saya ka zauna. Shiga layin da sassafe, ka ƙirga jarkokin da ke ƙofar gidaje, ka tambayi wanda ya riga ka tarewa nawa yake kashewa a ruwa cikin watan Maris da Afrilu. Ninka wannan sau shekarun da kake fatan yi a gidan, sannan ka sake kallon farashin filin.

Sai kwari. Gombe a gangare take, ruwan sama daga yamma yake kwararowa gabas, ƙasar kuma yashi ce mai saurin zubewa. Wanda ya san yadda kwarin da ya ratsa ta jami'ar jiha zuwa Malam Inna da Kagarawal yake kafin a gyara shi ba ya buƙatar dogon bayani. Kwari da ɗan zirin da yaro zai tsallake yake farawa. Shi ya sa ba a sayen fili a Gombe da rani kawai. Je ka a Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ya bi, ka ga ko Keke zai yarda ya kai ka. Idan fandishon maƙwabci ya fito waje kamar saiwar bishiya, ka san abin da ke jiranka. Wasu wuraren kuma laka ce, tana kumbura da damina ta tsage da rani. Katangun unguwar za su gaya maka gaskiya.

Maganar takarda ita ce ta fi jefa mutane a kotu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka, wato C of O, yawanci ta shekara 99 ce, kuma sayar da filin da ke da ita sai da amincewar gwamna. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, amma ba ta hana a ce filinka kan hanya yake ko filin makaranta ne. Nan ne bambancin awon gwamnati da awon igiya. Na igiya ya fi sauƙi, sai dai mai gona ba ya son asarar taku ɗaya, don haka lungu ake bari maimakon titi, babu wurin magudana, babu wurin taransifoma. Kafin ka biya ko sisi, kai lambar filin hukumar kula da bayanan filaye ta jiha, GOGIS, a bincika, kuma kada ka aza bulo sai da izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA. Maganar la'ada a gama ta tun farko, a gaban shaidu.

Tsohon gida a Jekadafari, Bolari, Herwagana ko Pantami wani lissafi ne daban. Kana kusa da kasuwa da asibiti, yara za su taka zuwa Islamiyya, kuɗin acaba ya ragu, ga maƙwabta da aka san asalinsu. Abin dubawa bai wuce rufi, sokawe da tsagewar bango ba. Ɗauki magininka, ba na mai gida ba. Amma yawancin irin waɗannan gidaje na gado ne. Idan babban wa ya ce, "Alhaji, kawo kuɗi kawai, ƙannena ba su da matsala," ka ce masa kana son ganin takardar rabon gado daga kotu da sa hannun kowane magaji, har 'yan'uwa matan da ke aure a wani gari. Su ne ake mantawa, su ne kuma ke dawowa da ƙara, da gaskiyarsu.

Rukunin gidaje irin su Shongo ko Orji sun fi sauƙin sha'ani: titi a fitacce, awo a tsare. Tsada ce matsalarsu, da kuma zanen da bai san zaure ko yawan iyalinmu ba, sai ka ga an saya an koma fashe-fashe. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na NHF yana iya neman lamuni a bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, kuɗin ruwa kashi 6, biya har shekara 30. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ruwan ba ya tambayi malaminsa, ya kuma leƙa bankunan Musulunci irin su Jaiz ya ji tsarinsu.

Ni dai in mai iyali ne da yara 'yan makaranta, kuɗinsa a dunƙule, tsohon gida mai tsabtatacciyar takarda zan nuna masa, ko da ƙarami ne. Mai tarawa kaɗan-kaɗan ya nemi filin awon gwamnati, a kan tudu, a layin da aka riga aka tare kuma turakun wuta suka iso. Ranar da ya biya, ranar zai kira masu awo su kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta, ya zagaye ko da bulo layi uku ne kafin damina ta sauka.