Shingen FlySafe na DJI: Taswirar Gargaɗi Ce, Ba Takardar Izini Ba

Duk wanda ya sayi ƙaramin jirgi mara matuƙi na kamfanin DJI, ko Mini 4 Pro ne ko Air 3 ko Mavic 3, ya saye shi tare da wani abu da ba a gani a cikin kwali, wato FlySafe, wanda kamfanin ke kira GEO. Shinge ne na taswira. Jirgin yana sanin inda yake ta hanyar taurarin ɗan adam, ya gwada da rumbun bayanan da ke cikinsa, in ya tarar yana dab da filin jirgin sama ko gidan yari ko sansanin soja sai ya ɗauki mataki. Wane mataki? To, a nan gizo ke saƙa, domin amsar ta canza, kuma da yawa daga masu tuƙi don nishaɗi har yau tsohuwar amsar suke riƙe da ita.

DJI ya fara sa wuraren hana tashi a 2013. Bayan wani ƙaramin jirgin DJI samfurin Phantom ya faɗa harabar Fadar White House a Janairun 2015, sai kamfanin ya hana jiragensa tashi a birnin Washington. A 2018 aka fito da GEO 2.0, aka bar zana da'ira kawai a kan filin jirgi, aka koma siffar da ke bin titin jirgi tana buɗewa ta bakinsa biyu, inda manyan jirage ke yin ƙasa-ƙasa wajen sauka da tashi. Wannan gyara ne mai ma'ana, don haɗarin yana kan layin sauka ne fiye da gefen filin. A wancan tsari launi ke magana. Ja: injin ba zai ma tashi ba, in kuma daga waje ka nufo shi jirgin zai rage gudu ya tsaya cik a bakin layi. Shuɗi: sai ka buɗe da asusunka na DJI da aka tantance. Toka-toka: ka tashi, amma da iyakar tsayi. Ruwan lemo: gargaɗi ne, ka danna ka amince ka wuce.

Ranar 13 ga Janairu, 2025, DJI ya mayar da jajayen wuraren Amurka zuwa na gargaɗi, ya kuma koma nuna bayanan FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, maimakon nasa. Ya riga ya yi irin haka a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai tun Janairun 2024. Hujjarsa ita ce alhakin tashi na kan mai riƙe da rimot, kuma yanzu hukumomi suna da Remote ID, tsarin da jirgin ke shelar lambarsa da inda yake. Bisa doka ba a iya kama shi da laifi, don FAA ba ta taɓa wajabta wa masu ƙera waɗannan jirage sa shinge ba. Amma sakamakon a fili yake: a irin waɗannan ƙasashe kana iya tsayawa kusa da titin jirgi, saƙo ya fito a allo, ka danna, farfela ta juya. Abin da jirginka zai yi ya danganta da ƙasar da kake da kuma sigar rumbun bayanan da ke cikinsa, ta yadda jirage biyu iri ɗaya a wuri ɗaya suna iya nuna hali daban.

Kada a ɗauka tsohon shingen ya fi amana. Kwana huɗu kafin wannan canji, ranar 9 ga Janairu, wani Mini 3 Pro ya yi karo da jirgin kashe gobara a gobarar dajin Palisades ta Los Angeles, ya huda masa fiffike, jirgin kashe gobarar ya yi kwanaki ba ya aiki ana tsakiyar buƙatarsa. Akwai dokar hana tashi ta wucin gadi a wurin, kuma ba abin da ya tsayar da ƙaramin jirgin. Wannan shi ne babban raunin kowane shingen taswira. Filin jirgi ba ya motsi, don haka yana cikin rumbun bayanai tun daga masana'anta. Amma hanin wucin gadi, na gobara ko ziyarar shugaban ƙasa ko wasan ƙwallo, yana iya fitowa da safe ya ƙare da yamma. A Amurka, alal misali, filin wasa mai kujeru 30,000 ko fiye yana rufe sararin da ke kewaye da shi har kimanin kilomita 5.5 a lokacin manyan wasanni, daga awa ɗaya kafin farawa zuwa awa ɗaya bayan tashi. Rimot irin RC 2 mai allo a jikinsa ba shi da layin waya. In ba ka haɗa shi da intanet ba kafin tashi, labarin jiya ko na watan jiya yake da shi, kuma ba zai nuna maka wata damuwa ba.

Rauni na biyu shi ne GPS ɗin kansa. Shingen ba ya aiki sai jirgin ya san inda yake. Mai gaggawa yakan tashi kafin taurari su kama sosai, musamman a tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin rumfar ƙarfe. A wurin da har yanzu ake kulle ja, abin da ke biyo baya ba daɗi: jirgin na sama sai ya gane yana cikin haramtaccen wuri, ya fara ƙidaya, ya sauka da kansa a kan duk abin da ke ƙasa, ko ruwa ne ko titin mota. In kuma alamar ta ɓace ana cikin tafiya kuma kyamarorin ƙasa ba sa gani, jirgin yakan shiga yanayin ATTI, ya riƙe tsayi kawai, iska ta yi ta jan sa. A wannan hali ba shinge, ba birki. Mini 4 Pro an ƙiyasta yana jure iska har mita 10.7 a daƙiƙa, amma da GPS ke nan. Ba tare da shi ba, iska mai rabin wannan ƙarfi za ta kai shi mita 300 cikin minti ɗaya in hannunka bai gyara ba. Dokarmu a nan guda ce: kada a ɗaga jirgi sai manhajar ta sanar cewa ta ajiye wurin komawa gida, kuma an duba taswira an ga alamar tana daidai inda mutum yake tsaye.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane, har da ƙwararru: tsayi. Dokar Amurka ƙafa 400 ce, ta Turai da Birtaniya mita 120, kuma duka daga ƙasar da ke ƙarƙashin jirgin ake aunawa. Lambar da ke allonka kuwa daga inda ka tashi take farawa, domin jirgin da ma'aunin nauyin iska yake lissafi, ya ɗauki wurin tashi a matsayin sifili. Ka tashi daga kan tudun da ya ɗara kwari da mita 40, ka hau mita 100 a allo, ka miƙa kan kwarin: kana mita 140 ke nan, ka karya doka, FlySafe kuma bai ce uffan ba. Haka abin yake ga mai tashi daga rufin bene. Ma'aunin kuma yakan kauce da 'yan mitoci yayin da jirgin ke ɗumi ko yanayi ke sauyawa, don haka a bar rata.

To, ina izinin yake? Ba ya wurin DJI, kuma bai taɓa kasancewa can ba. Ko a da, buɗe shuɗin yanki da asusunka yana cire makullin kamfani ne kawai, hukuma ba ta san ka yi ba. A Amurka, sararin da hasumiyar filin jirgi ke kula da shi, wato aji B da C da D da kuma E da ya taɓo ƙasa, ana neman izininsa ta LAANC, tsarin ba da izini na FAA ta intanet, wanda aka buɗe wa masu nishaɗi a 2019. Ana shiga ta manhajojin da FAA ta amince da su, irin su Aloft ko AutoPylot. Taswirar an yanka ta ƙananan murabba'ai, kowanne da lambarsa ta iyakar tsayi, daga ƙafa 0 zuwa 400. Ka zana wurin da za ka tashi, ka sa lokaci da tsayi, in bai wuce lambar murabba'in ba amsa takan zo cikin daƙiƙu. In lambar sifili ce, mai nishaɗi ya haƙura, don neman wuce lambar ta wannan hanya na masu lasisin Part 107 ne, wato masu tuƙi don sana'a. Kafin wannan duka akwai jarrabawar TRUST ta masu tuƙi don nishaɗi, kyauta ce, da rajistar dala 5 ta shekara uku ga jirgin da ya kai giram 250. A lura, Mini da babban batirin Plus ya haye giram 250, ya shiga sahun masu rajista. Kuma rashin nauyi yana cire rajista ne kawai, bai cire neman izinin shiga sararin ba. A Birtaniya tsarin daban ne: kowane filin jirgi mai kariya yana da yankin hani, haɗe da zirin kilomita 5 a tsawo da 1 a faɗi daga kowane bakin titin jirgi, kuma hasumiyar filin ko masu gudanar da shi ake tambaya kai tsaye.

Ga inda ake yawan yin tuntuɓe bayan an sami izinin. LAANC ba ya magana da jirginka. In an ba ka ƙafa 100, wato kusan mita 30, jirgin bai sani ba, iyakarsa na nan a 120. Sai ka shiga saitin tsaro da hannunka ka sauke iyakar tsayi zuwa 27 ko 28, ka sauke tsayin komawa gida shi ma. Wanda ya bar iyakar a 120 yana cewa zai lura da ido, alhali komawa gida na kan mita 100, da zarar sadarwa ta yanke tsakaninsa da jirgin, jirgin zai haura har 100 da kansa, ninki uku na abin da aka yarda masa, a daidai inda jirage ke saukowa. In kuma a wurin akwai bishiya ko turakun wuta da suka fi mita 28, gara a sa jirgin ya tsaya a inda yake in sadarwa ta yanke, ko a canza wurin tashi. A sa iyakar nisa ma, ta dace da girman wurin da aka zana a neman izini. Wannan shingen da mutum ya kafa da hannunsa mun fi yarda da shi a kan na kamfani, don ya san lambar da ya sa da dalilin sa ta.

Wani abin da ake haɗawa da FlySafe shi ne AirSense, mai karɓar siginar ADS-B da jirage ke shelar inda suke da ita, ya faɗa maka jirgin mutane na tafe. Yana cikin Air 3 da Mavic 3, babu shi a Mini 4 Pro. Yana da amfani, amma jirgin da ke watsa siginar kaɗai yake ji. Jirgi mai saukar ungulu na asibiti ko ɗan ƙaramin jirgin feshin gona na iya ɓullowa ƙasa-ƙasa ba tare da allon ya motsa ba, kunne ne zai fara jin sa.

Hukuncinmu a kan FlySafe ya rabu biyu. A matsayin taswira, yana da kyau: kyauta ne, yana cikin manhajar tuƙi ba sai an buɗe wata ba, kuma inda ya koma bayanan hukuma iyakokinsa sun fi dacewa da doka fiye da da, lokacin da yakan kulle wanda ke da izini a hannu ya kuma saki wanda ba shi da shi. Masu aikin ceto da masu auna filaye sun sha wahalar wancan makulli, ba za su yi kewarsa ba. A matsayin mai gadi kuwa, ba mu ba shi maki. Abin da ya fi ba mu haushi shi ne saƙon gargaɗin yana kama da sauran saƙonnin da manhajar ke jefowa kafin tashi, na batir da na kamfas da na sabuntawa, har yatsa ya saba dannawa ba tare da ido ya karanta ba. Da kamfanin zai sa allon ya nuna ranar da aka sabunta rumbun bayanai a babban rubutu kafin kowane tashi, ya kuma ba da gurbin shigar da tsayin da aka amince a LAANC ya zama iyakar jirgin nan take, da an toshe biyu daga cikin ramukan nan.