Horon Kurata da Gwajin Iyo: Sojan Ruwan Amurka ko Rundunar Marin?

Matasa masu sha'awar aikin soja a Amurka sukan yawaita tambayar wanne ya fi dacewa su shiga tsakanin rundunar sojan ruwa da rundunar Marin (sojojin da ke kai farmaki daga teku zuwa tudu), musamman waɗanda ba su ƙware a iyo ba.

Ta fuskar tsawon lokaci, horon Marin makonni 13 ne, a sansanin Parris Island na jihar Karolina ta Kudu ko na San Diyego a jihar Kalifoniya, kuma gwajinsa mafi tsanani shi ne na sa'o'i 54 da ake yi cikin ƙarancin barci da abinci. Na sojan ruwa, wanda ake yi a Great Lakes ta jihar Ilinoi, bai kai haka tsawo ba.

A cikin ruwa ne bambancin ya fi fitowa. Kurtun sojan ruwa zai yi tsalle daga wuri mai tsayi, ya yi iyon yadi 50, sannan ya yi minti 5 yana shawagi a saman ruwa, domin abin da ake shirya shi dominsa shi ne ranar da jirgi zai nitse. Kurtun Marin kuwa da kaki da takalmi yake shiga ruwa, ya koyi yar da kayansa masu nauyi cikin gaggawa. A ganina wannan ya fi firgita sabon shiga, ko da yake dukkan rundunonin biyu suna ƙara darasi ga wanda ya faɗi gwajin.

Mai son aikin fasaha a cikin jirgi, sojan ruwa ya fi dacewa da shi. Mai juriyar jiki da ke son fagen daga a tudu, Marin ce tasa.