Na ba da injin tsohon CB750 ɗina an sake haɗa shi: abin da na gani bayan kilomita 9,000

Babur ɗina Honda CB750 ne, ƙirar 1975, mai silinda huɗu, 736cc. Tun 1969 aka fara fitar da wannan samfuri, kuma ina ƙaunarsa ƙwarai. Amma duk doguwar tafiyar da na yi a kansa, hankalina ba ya kwanciya. Da ya ɗauki zafi sai shuɗin hayaƙi daga salansa, baƙin mai yana naso daga top silinda har ya jiƙa min takalmi, ga wata ƙara a sulo kamar ana jan sarƙa cikin kwano. Ni kuwa so nake in yi kilomita 500 a yini ban tsaya neman sifana ba. Shi ya sa na kai shi wurin wani dattijon makanike da ya ƙware a tsofaffin babura.

Kafin ya kwance noti ko ɗaya, sai da ya auna matsin kowace silinda. Uku sun ba da wajen 130 psi (ma'aunin matsin iska), ɗayar kuma, wato ta uku a jere, ta tsaya a 95, alhali lafiyayyen inji irin wannan kan kai kusan 170. Ya ɗiga mai kaɗan ta ramin fulogi ya sake aunawa, allura ta ɗaga. Ya ce ringi ne suka gaji.

Na zo da sha'awar a faɗaɗa silinda zuwa 836cc, kamar yadda mutane da yawa ke yi. Ya dube ni ya ce, "Malam, tsere za ka shiga ko tafiya za ka yi?" Ya bayyana min cewa inji ne da iska ke sanyaya shi, ƙarin girma na nufin ƙarin zafi, kuma bangon silinda zai sirance. A ƙarshe milimita 0.50 kawai aka ƙara, aka sa fistin daidai da hakan. A ranar raina bai so ba. Yanzu ina ganin ita ce shawara mafi amfani da na samu a aikin gaba ɗaya.

A wannan babur ba a iya buɗe murfin bawul sai an sauke injin daga firam, don haka duk abin da aka manta a ciki, sai an sake sauke inji kafin a kai gare shi. Da ya buɗe, ya kira ni in zo in gani da idona. A cikin tire ya ajiye wasu ƙananan bututu guda biyu, waɗanda mai ke bi ya hau zuwa sandar da ke buɗe bawul. Raminsu da ƙyar allura za ta wuce. Ya sa siririyar waya a ɗaya ya zaƙulo wani jan gutsure mai danƙo: gam ɗin liƙe gasket ne da wani ya lafta a gyaran baya, ya ɓalle ya bi mai. Sandar nan a kan alminiyon zalla take juyawa, babu boris tsakani, mai ne kaɗai ke raba su. Ya miƙa min mazaunin sandar, na shafa da yatsa na ji zane-zane a ciki. Da na ci gaba da tafiya a haka, wata rana a tsakiyar hanya injin zai buga. Na daɗe ina juya ƙarfen nan a hannuna, jikina ya yi sanyi.

Yoyon man kuma daga wasu faya-fayan roba shida ne da ke ƙarƙashin mazaunin, sun bushe sun yi tauri kamar ƙashi. An canza su, tare da sarƙar taimin da robobin da ke ɗaure ta, sarƙoƙin da ke kai ƙarfi zuwa kuloci, da duk sil. Metal ɗin karanshaf bai saye su da ka ba: ya matse wani siririn zaren awo a kowane mazauni, ya duba faɗinsa, sannan ya zaɓi metal bisa launin da ke gefensu. Notunan top silinda ya ɗaure su da sifanar awo, ya bar su suka kwana, washegari ya sake bi kafin ya rufe. Kwantak ya maye gurbinsa da na lantarki, amma ya naɗe min tsohon a tsumma ya ce in riƙa tafiya da shi.

Akwai inda aikin ya ɓata min rai. An yi min alkawarin mako shida, sai da aka ci wata huɗu, kuma sau da yawa in na kira ba a ɗauka. Jiran kayan gyara uzuri ne da zan karɓa, amma a gaya min. Abin da ya fi ciwo shi ne cajin batir. Ya san doguwar tafiya zan yi, amma bai duba wayoyi ba. A tafiyata ta farko da dare, fitila ta fara dishi-dishi, na tsaya shan mai babur ya ƙi tashi da sitata, sai da kik. Mahaɗin wayoyin caji ne ya yi tsatsa har ya fara narkewa. Da na koma bai yi musu ba, ya gyara, ya ba ni haƙuri.

Kilomita 800 na farko ban bar injin ya wuce juyi 5,000 a minti ba, ina sauya gudu kamar yadda ya umarta, sannan aka yi juyen mai, lita 3.5, aka sake saita bawul da injin a sanyaye: milimita 0.05 a na shiga, 0.08 a na fita. Ya daidaita kafireto huɗun da agogon awo har sulo ya zauna lumui.

Yanzu ina riƙe gudun kilomita 110 awa biyu a jere, injin yana wajen juyi 4,500, sautinsa ba ya canzawa. Lita ɗaya ta fetur tana kai ni kilomita 17 zuwa 18. A kilomita 2,000 abin da nake ƙarawa na baƙin mai bai kai kwatan lita ba, top silinda kuma a bushe yake. Mai neman babur ɗin tsere ba zai gamsu da wannan gareji ba. Mai son tafiya mai nisa kuwa ina ba shi shawarar ya kai, amma ya rubuta duba caji da wayoyi cikin yarjejeniya tun ranar farko, ya kuma ninka lokacin da aka ɗibar masa.