Na gwada rumbun EBBA na tsofaffin waƙoƙin titin Ingila, ga abin da na gani

Kusan wata biyu kenan ina amfani da English Broadside Ballad Archive, wanda ake taƙaitawa EBBA, wato wani rumbun tsofaffin waƙoƙi da ke intanet, saboda wani aikin makaranta da ya haɗa ni da waƙoƙin titi na Ingila na shekarun 1600 zuwa 1700. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a Amurka ce ke riƙe da shi, Farfesa Patricia Fumerton ta assasa shi a 2003, kuma kyauta ne, ba rajista ba biyan ko sisi, data ɗinka kawai zai ji jiki.

Ga wanda bai san su ba, waƙoƙi ne da ake bugawa a falle ɗaya, gefe ɗaya, da zanen da aka sassaƙa a katako a sama, masu talla su tsaya a kasuwa ko bakin mashaya suna rerawa har sai mutane sun taru sannan su sayar kwabo ɗaya. Labarin kisan kai, wanda aka rataye jiya, mata da miji, yaƙi, shaye-shaye, wa'azi, komai akwai. Samuel Pepys, jami'in rundunar ruwan Ingila da ya rasu a 1703, ya tara sama da 1,800 a kundi biyar waɗanda har yanzu suna Kwalejin Magdalene a Kambirij, da su EBBA ya fara, daga baya aka ƙara tarin waƙoƙin da ake kira Roxburghe na ɗakin karatu na British Library da wasu.

To abin da ya ɗaure min kai da farko, yawancin takardun nan ba su da alamar kiɗa ko ɗaya. A ƙarƙashin take sai dai a rubuta a rera ta da karin waƙa kaza, shi kenan, an ɗauka kowa ya san karin. Kamar dai yadda a wajenmu mawaƙi zai ari karin da ya riga ya shiga kunnen mutane ya ɗora masa sababbin baituka. Na yi kwana uku ina karanta su a ido kamar jarida, wallahi na raina su, wani layin ya yi tsawo wani ya gutsure, na ce waɗannan ai ba su iya waƙa ba. Sai ranar da na sa iyafis na danna wajen da EBBA ya tanada don sauraron waƙoƙin ana rera su. Kai! Layin da na ga yana ɗingishi ashe karin ne ke jan gaɓa ɗaya ya miƙar da ita, wanda ya yi tsawo kuma mai rerawa ya dunƙule kalmomi biyu a bugu ɗaya, komai ya zauna daram.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne karin Fortune My Foe. Da shi ake yawan rera waƙoƙin waɗanda za a rataye, har aka san shi da karin rataya, a hankali yake tafiya mai nauyi, kenan mutumin Landan na wancan lokaci tun daga nesa kafin ya ji kalma ɗaya ya san ba labarin daɗi ake sayarwa ba. Kuma ka lura kari ɗaya yana iya canza suna, idan sabuwar waƙa ta yi tashe sai ta ƙwace sunan, shi wannan ɗin ma za ka gan shi da sunan Aim Not Too High, ni sai da na sha ruɗewa kafin na gane abu ɗaya ne.

Waɗanda na saurara duk murya ce zalla ba goge ba garaya, kuma ana rera waƙar tun daga farko har ƙarshe, har da kashi na biyu idan waƙar kashi biyu ce, wata ta wuce minti goma. Wani abokina da muke aikin tare ya ce ya gundure shi, shi ya fi son irin na faifan ƙungiyoyin tsohon kiɗa inda ake sa kayan tsirkiya da sarewa a zaɓi baiti biyar a bar sauran. Ni kam ina tare da muryar zalla. Mai tallan takardar kwabo ina ya ga kuɗin makaɗa? Kuma idan aka yanke baituka labarin ake yankewa, alhali labarin ne hajar.

Wani abin da masu EBBA suka kyauta, tsohon rubutun nan baƙi ƙirin mai kama da tafiyar tsutsa, wanda harafin s ke kama da f, sun sake rubuta shi da haruffan zamani amma suka bar zanen a inda yake, sai ka ajiye asalin hoton da sabon kana dubawa. A nan na gane ma'aikatan ɗab'i na maimaita zane ɗaya, matar da ke riƙe da mafici a waƙar soyayya ita ce dai ka sake gani a wata waƙar daban.

Shawarata ka buɗe shi a kwamfuta, hotunan manya ne, a waya ido zai gaji. Kuma ka fara da sauraro kafin karatu, kar ka ɓata kwana uku kamar ni.